Sakatar Bindigar Labaran

Shekara goma sha shida bindigar nan ta yi a gidanmu a Kurmin Mashi, ba ta taɓa kwana a haɗe ba. In Malam ya dawo daga dawa, kafin ya sha ruwa, sai ya zauna a bakin ƙofa ya ɗaga ɗan ƙarfen nan mai dunƙulallen kai da ke gefenta, ya ja shi baya, ya zare shi gaba ɗaya. Shi maharba ke kira sakata, don shi ke tura harsashi ya kulle shi. Sai ya goge ta da man keke, ya naɗe a tsumma, ya miƙo mini. Ni kuma in sa ta a ƙasan kwallata, ƙarƙashin zannuwan fita unguwa. Gangar bindigar ya rataye a ɗakinsa. In babu sakata, taɓaryata ta fi ta amfani.

Ba shi ya ƙago wannan ba. A gidansu tun zamanin harba-ruga albarushi a ɗakin mace yake kwana, wai zuciyar maharbi a kusa take, gara a raba shi da wuta in yana cikin mutane. Sharaɗin kuma shi ne ta ba ka da hannunta, ba kai ka shiga ka ɗauka ba. Da Baturen reluwe da Malam ya daɗe yana yi wa jagora zai koma ƙasarsu, ya bar masa wannan bindiga da takardunta, sai sakata ta maye gurbin albarushi.

Sunan mijina Labaran. Da ba na faɗa. Tun ranar da na ji kurtun ɗan sanda sa'an jikansa ya ƙwala masa kira da shi gatsau, na ga ba sauran abin ɓoyo. Ni ce Hansai. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma abin da na gani da idona ba mai karanta mini shi daga takarda.

Shekarar da ma'aikatan gwamnati suka samu ƙarin albashin nan na Udoji kowa ya sayi abin da ya daɗe yana kwaɗayi. Wani babur, wani rediyo mai kaset. Alhaji Inuwa na Unguwar Rimi, babba ne a wata ma'aikata, shi Landiroba ya saya, ya kuma ga ya dace ya zama maharbi ran Lahadi. Bindiga ya samo a hannun wani da ya dawo daga yaƙi, irin mai ɗura wa kanta harsashi, kana taɓa kunama tana tashi. Ba shi da takardarta. Dawa kuwa bai san gabas da yamma ba, shi ya sa aka kwatanta masa gidanmu.

Ranar da ya fara zuwa ina surfe a tsakar gida, su suna zaure, duk ina jinsu.

"Malam Labaran, wannan tsohuwar taka ai ta gaji. Kafin ka ja, ka tura, ka kulle, gada ta kai Zariya."

"In na farko ya tafi daidai ba inda za ta, Alhaji."

"In ka kuskure fa?"

"Kwananta na gaba. Ta je ta haihu."

"Tawa huɗu take fitarwa kafin ka ƙifta ido."

"Na sani. In yashi ya shiga cikinta kuma sai an nemo makaniki. Tawa in zare, in goge da gefen riga, in mayar. Inda na ɗora ta nan take zuwa, ko daga nan zuwa bakin titi ne. Sannan tsakanin harbi da harbi dole hannuna ya bar kunama ya yi wani aiki. A ɗan wannan lokaci ido ke sake dubawa. Duk maharbin da ya tsufa a dawa za ka ga irin wannan yake nema. Taka yatsa ne a gaba, ido na bin sa a baya."

Alhaji ya yi dariya, ya ce yau ya zo farauta ya tarar da wa'azi.

Sau uku suka fita can bayan Katabu. A na ukun Malam ya dawo, ya miƙo mini sakata. Sai da na ajiye masa tuwo ya ce, "Mutumin nan ciyawa yake harbi. In ta motsa sai ya sakar mata."

Na ce, "To kar ka ƙara bin sa."

Ya ce ya riga ya yi masa alkawarin Lahadi mai zuwa.

Lahadin ta zo. Ƙarshen damina ne, gamba ta fi mutum tsawo. Bayan ya karya ya tsaya ƙofar ɗakina da bindiga a kafaɗa.

"Hansai, miƙo."

"Ba zan bayar ba."

Ya zaci bai ji daidai ba. "Me kika ce?"

"Na ce ba zan bayar ba, Malam. Kai da bakinka ka ce ciyawa yake harbi. Yanzu ciyawa cike take da mata masu itace."

"Shi ya sa zan bi shi, in riƙe shi."

"Sau uku kana riƙe shi, ya riƙu?"

"Ke, kin san abin da kike yi kuwa? A gidanmu ba macen da ta taɓa hanawa."

"To yau an fara."

Motar Alhaji ta yi oda a waje. Ya dubi kwallar, tana nan a jere, taku uku tsakaninsu. Bai shiga ba. Ni a lissafina in babu sakata zai fita ya ce wa Alhaji jikinsa ba daɗi, a fasa. Nan na yi kuskure, shekara talatin da bakwai da aure ban gama sanin girman kan maharbi ba. Ya yage tsohon rawani, ya naɗe tsakiyar bindigar kamar yadda yake yi in akwai hadari, yadda ba mai ganin ramin sakatar. Ya saɓa abarsa ya fita. Gara ya shiga dawa da mushen bindiga da a ce matarsa ta hana shi.

Bayan la'asar Sarkin Baka Rabe, shugaban maharban unguwarmu, ya yi sallama. Ya ce an harbi wata Bagwariya mai itace a cinya, sunanta Larai. Alhaji ya ɗauke ta a mota ya kai ta asibiti. Malam ya tsaya a wurin, mutanen ƙauye suka taru suka same shi shi kaɗai da bindiga a kafaɗa, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Daga can aka wuto da shi caji ofis a cikin gari.

Na ce, "Bindigar Alhajin fa?"

Rabe ya ce, "Wai shi bai je da bindiga ba. Kallo ya je."

Washegari na kai masa fura. A lokacin duk maganar da bindiga ta shiga ba ta ƙarewa da sauƙi, ana ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su jama'a na kallo. Kurtun da ke kan kanta ya juya ya yi kira, "Labaran! Ga tsohuwarka." Aka fito da shi ba hula.

Na ce a hankali, "Me ka gaya musu?"

"Na ce ni ne. Kuskure ne."

"Da suka kwance tsumman fa?"

"Na ce sakatar ta faɗi cikin ciyawa da aka yi ta ja na."

"Ƙarya da furfura, Malam?"

"Alhaji ya ce kwana biyu zai fitar da ni. Ni ina da takarda, nawa kuskuren maharbi ne. Shi in aka same shi da waccan, aikinsa ya tafi, ƙila har da kansa."

"Kura da shan bugu ke nan. Sakatar tana kwallata, gobe zan kawo musu."

Ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba. "In kika fito da ƙarfen nan, Hansai, ba ni ba ke. Kina so Rabe da maharba irin su Ɗanjuma su ji na shiga dawa da taɓarya? In zauna ina a cikinsu?"

"Yanzu a ina kake zaune?"

Ya juya ya koma ciki. Furar ma bai sha ba.

Na ba Alhaji kwana biyunsa, na ƙara masa bakwai. A na goma na shiga motar haya zuwa Unguwar Rimi. Gida ne mai katanga da furanni, da maigadi da ya ce Alhaji ba ya ganin kowa da safe. Na zauna a bakin kwalbati har motar ta fito. Ba Landiroba ba ce, wata ce ƙarama. Na tsaya a gabanta. Ya sauke gilashi.

"A'a, Iya, ke ce? Ai da kin aiko. Ana ƙoƙari, maganar tana hannun manya."

"Wane manya? Kai ne babban da na sani."

"Abin ya ɗan yi nauyi, za a kai kotu. Amma na yi magana da lauya. Ko an yanke, shekara biyu ce ko uku, ba za ta wuce ba. Gidanku kuwa ba zai rasa komai ba, ni na ɗauka."

"Shekararsa sittin da takwas, Alhaji. Kana da tabbacin ukun?"

"Rai ai na Allah ne, Iya."

"Yatsa kuwa naka ne."

Ya ɗaga gilashinsa. Na matsa don ba mota na zo karawa da ita ba.

Daga nan asibiti na nufa da ƙafa. Larai na kwance a ɗakin mata, an rataye ƙafar da igiya. Mace ce kakkaura, kafaɗarta duk kanta saboda ɗaukar itace, Hausarta sarai. Na ce mata ni ce matar wanda aka ce ya harbe ta. Ta juya fuska bango.

Na ce, "Ba haƙuri na zo ba ki ba. Tambaya ɗaya ce. Ƙara nawa kika ji?"

Ba ta juyo ba ta ce, "Huɗu."

"A jere, ko da tsayawa?"

"Kamar an zuba tsakuwa a kan kwano. Na biyun ne ya same ni, ina faɗuwa sauran na wucewa ta kaina."

"Kin ga mai harbin?"

"Ciyawa na gani. Amma na ji wani tsoho na ihu, Alhaji tsaya, mutum ne, Alhaji tsaya. Shi ya zo ya ɗaure mini ƙafa da hularsa."

"Kin gaya wa 'yan sanda?"

"Ba su tambaye ni ba. Sun ce an riga an kama mai laifi ya amsa."

Na dawo gida na buɗe kwalla. Tsumman na nan yadda ya naɗe shi da hannunsa. Na auna abin biyu. In na kai, zai fito, ƙila ya sake ni a shekarun da ba ni da inda zan koma sai gidan ƙanena a Rigachikun. In ban kai ba ina nan matar aure, shi kuma ya mutu a kurkuku da sunan wanda ya harbi mace ya zaci gada ce. Ban daɗe ina aunawa ba.

Da safe na biya wa Sarkin Baka Rabe na ce ya raka ni caji ofis. Ban gaya masa dalili ba. Na san mace ita kaɗai a benci za ta wuni, shi kuwa yana da rawani. Da gangan kuma na zaɓe shi, don in abin zai fito ya fito gaba ɗaya, kar a yi ta tsegumi rabi-rabi.

Mai binciken wani Sufeto Ɗanladi ne, dogo, da tsage a kumatu. Yana rubutu bai ɗago ba.

"Iya, in roƙo ne kin makara. Mijinki ya amsa."

"Ba roƙo ba ne, ɗan nan. Ajiya na kawo."

Na kwance bakin zanena na ɗora masa ƙunshin a kan takardunsa. Man keke ya ɓata ta sama. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga abin da ke cikin tsumman.

"A ina kika samo wannan?"

"A ɗakina. Tun Lahadin da ta gabaci waccan take can."

"Mijinki ya ce a ciyawa ta faɗi."

"Daga ciyawar Katabu kuka kawo shi nan. Ya biya gida ne? Ko ƙafa gare ta?"

Rabe ya gyara tsayuwa, ya dube ni, ya dubi ƙarfen.

Sufeto ya sa aka ɗauko bindigar daga sito, da 'yar takarda ɗaure a wuyanta. Ya karkata ta wajen taga ya karanta lambar da ke jikinta da ƙarfi. Ya ɗauki sakatar ya karanta ta jikin hannunta. Ni ban san lamba ba, amma kunnena ya ji abu ɗaya sau biyu. Ya zura ta, ya tura, ya kwantar da kan. Ta ce ƙwas.

Na ce, "Matar da ke asibiti ta ji ƙara huɗu kamar zubar tsakuwa. Ga bindigar a hannunka. Gwada mu gani."

Da gani ya san irinta, su ma ita suke saɓawa. Ya ɗaga, ya ja, ya tura, ya kulle, ya taɓa kunama ba harsashi. Ya sake. Hannunsa da sauri, amma ko kurma ya san akwai numfashi a tsakani. A na uku ya tsaya.

"A kawo shi."

Aka shigo da Malam. Ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe. Idonsa ya fara sauka a kan bindigar, ya ga sakata a jikinta. Sannan ya ga Rabe. Ni bai dube ni ba.

Sufeto ya ce, "Baba, a ina ka ce wannan ta faɗi?"

Malam ya kau da kai.

"Baba, jibi za a kai ka gaban alƙali. In ka maimaita abin da ka faɗa, ni ba ruwana, na rubuta. In kuwa akwai wata magana, yanzu ne. Ranar nan da sakata ka fita ko babu?"

Rabe ya ce, "Labaran, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah."

Malam ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana sai da Sufeto ya ce ya ɗaga murya.

"Babu."

"Don me maharbi zai shiga dawa da bindiga ba sakata?"

"A wurinta take kwana."

"To?"

"Na tambaya. Ta hana ni."

Kurtun da ke bakin ƙofa ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hula. Sufeto bai yi ba. Rabe ma bai yi ba, ya dai shafa gemu ya kalli rufi.

"Wa ya yi harbin?"

"Alhaji Inuwa. Na yi masa ihu, kafin in rufe baki ya fitar da huɗu."

Kwana uku bayan nan suka sake shi, bayan sun je asibiti sun ji ta bakin Larai. An ce an kira Alhaji. Ya shiga ta ƙofar gaba ya fita ta ƙofar gaba. An duba Landiroba ba a ga komai ba, kwana goma sha ɗaya ai sun isa mutum ya san inda kogin Kaduna ya fi zurfi. Takardar binciken an ce tana sama. Larai ta fito da sandar dogarawa, ba ta ƙara ɗaukar itace ba. Duk ranar Litinin ni da ita muna zuwa mu zauna a bencin caji ofis mu tambayi inda takardar ta kwana. Sufeto Ɗanladi in ya hango mu sai ya shiga ta baya. Ranar Alhamis kuma kwalbatin Unguwar Rimi. Ba ma cewa komai, zama kawai muke yi inda zai gan mu in zai fita ofis. Abin da nake so bai wuce ya faɗa da bakinsa a gaban hukuma ba, yadda aka sa tsohona ya faɗi nasa. Har yau bai faɗa ba, mu ma ba mu daina zuwa ba.

Malam bai sake ni ba. Magana ce dai ya ɗauke. Wata biyu in na ajiye tuwo ya ci, in na gaishe shi ya ɗaga kai. Labari kuwa ya gama unguwa. In ya wuce majalisar maharba a gindin ɗorawa sai Ɗanjuma, abokin wasansa, ya ɗaga murya, "Labaran, yau an ba ka?" Har mahauta sun ɗauka. Ya daina bi ta nan, ya koma zagayawa ta bayan masallaci.

Bayan ƙaramar salla 'yan sanda suka mayar masa da bindigar, a haɗe. Ya shigo da ita da hantsi, ina tankaɗe. Ya zauna a bakin ƙofa inda ya saba. Ya ɗaga, ya ja, ya zare, ya goge da man keke, ya naɗe. Ya daɗe riƙe da ita, har na ɗauka aljihu zai sa. Ba wanda zai ga laifinsa.

Ya tashi ya zo ƙofar ɗakina. Bai miƙo mini a hannu ba, a kan dokin ƙofa ya ajiye.

"Gobe da Rabe zan fita," in ji shi, yana kallon katanga.

Na karkaɗe garin hannuna na ɗauka. Na ce, "In da Rabe ne, ka tambaya da safe."